Haƙƙin Jaririn Da Ba Ya Jin Kira A Kan Iyayensa Da Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ƙagi ɗan Adam a cikin duhun mahaifa, Ya tsaga masa ji da gani ba tare da shawarar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, al'ada ce sananniya a ƙasar Hausa, idan aka yi haihuwa, tun kafin a kai ga yanka ragon suna, uba ko kaka ko liman yakan ɗauki jariri ya kara baki a kunnensa ya yi masa huɗuba. Malaman Hadisi sun yi saɓani game da ingancin ruwayar Abu Rafi'i, wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, wadda kuma ita ce madogara wajen kiran salla a kunnen jariri. Wannan saɓani yana da wurinsa. Abin dubawa a wannan mako shi ne, duk wanda ya kara baki a kunnen jariri, to, ya riga ya ɗauka cewa kunnen nan yana ji. Ga shi kuwa a cikin kowane jarirai dubu akan sami ɗaya ko biyu, a wasu ƙasashe ma fiye da haka, waɗanda aka yi wa huɗuba ba su ji ko harafi ɗaya daga cikinta ba, iyayensu kuma ba za su farga ba sai bayan shekaru.

Duk wanda ke zaune a Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko wata unguwa ta ƙasar Tarauni, ya saba ganin mata da goyo tun da sassafe suna sauka daga motocin haya a bakin ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya, wanda aka kafa a shekarar 1988. Wasu daga cikin birni suke, wasu daga Jigawa da Katsina, wasu ma daga Jamhuriyar Nijar. A cikin goyon nan akwai yaron da kansa ya yi girma fiye da kima saboda ruwa ya taru a ciki. Akwai wanda kan nasa ya tsaya bai girma ba. Akwai wanda ya yi wata takwas wuyansa bai tsaya ba, ko kuwa yana fama da jijjiga. Likita ya sa a ɗauki hoton kai, ya duba, ya gaya wa iyaye cewa ƙwaƙwalwar yaron nan ba ta ginu yadda aka saba ba tun yana ciki. Daga ran nan hankalin gida duka yakan koma kan girman kai da jijjiga da kuɗin magani, kunne kuwa ba mai tunawa da shi. A shekara biyu, a shekara uku, yaro bai ce "Mama" ba, kowa sai ya ce ai ƙwaƙwalwar ce. Alhali kuwa sau da yawa wani kaso na shirun nan daga kunne yake: maganar ce ba ta isa gare shi ba, balle ya kwaikwaya. Ga nauyi biyu an ɗora wa ɗan ƙaramin bawan Allah, ɗaya Ubangijinsa ne Ya jarrabe shi da shi, ɗayan kuwa sakacin manya ne ya ƙara masa.

Allah Ta'ala Ya ambaci ji a cikin manyan ni'imomin da Ya yi wa ɗan Adam. A Suratun Nahli, aya ta 78, Ya tunatar da mutane cewa sun fito duniya ba su da sanin komi, sa'an nan Ya lissafa ƙofofin da sani ke shigowa ta cikinsu, Ya fara da ji, Ya bi da gani da zuciya. Malaman tafsiri sun lura cewa a mafi yawan wuraren da aka haɗa ji da gani a cikin Alƙur'ani Mai girma, ji ne ake gabatarwa. Likitoci kuma sun tabbatar cewa ɗan tayi yakan fara jin sauti tun wajen wata na shida a cikin mahaifa, har idan ya fito yakan bambance muryar uwarsa da ta sauran mata, alhali ganinsa bai gama daidaita ba sai bayan watanni. Ta kunne yaro ke ɗaukar harshen uwa, ta harshen uwa kuma ake sanar da shi Ubangijinsa. Saboda haka wanda ya yi wasa da kunnen jariri, ya yi wasa da ƙofar da Kalmar Shahada za ta bi ta shiga zuciyarsa.

A nan ya kamata a ja kunnen wasu masu wa'azi. Inda Alƙur'ani ya siffanta munafukai da kurumta da bebantaka da makanta, kamar a Suratul Baƙara aya ta 18, zukatan da suka toshe ga barin gaskiya ake nufi, Suratul Hajji aya ta 46 kuwa ta fayyace cewa makantar da ake zargi ita ce ta zuciya. Bai dace ba malami ya karanta irin waɗannan ayoyi ya fassara su ta yadda uwar kurma za ta tashi daga majalisi tana jin kamar ɗanta aka zaga.

Yadda ji ke faruwa abin mamaki ne ga mai tunani. Sauti yakan shiga ramin kunne ya bugi dodon kunne, dodon kunne ya girgiza wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3, waɗanda babu ƙashin da ya kai na ƙarshensu ƙanƙanta a jikin mutum. Su kuma su miƙa girgizar ga wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wadda ke ɗauke da dubban ƙwayoyi masu kama da gashi. Waɗannan ƙwayoyi ne ke mayar da girgiza ta zama saƙo, jijiyar ji ta ɗauka ta kai gindin ƙwaƙwalwa, daga can ya hau zuwa sashen da ke fassara shi ya zama magana mai ma'ana. Idan ƙwayoyin nan suka mutu ba sa sake tsirowa. To, tun da tafiyar sauti tana da zango-zango haka, tana iya yankewa a kowane zango. Wani yaro kunnensa ne ya toshe da ruwa ko mugunya, wannan yana warkewa. Wani katantanwar ce ta lalace. Wani kuwa kunnen lafiya lau, amma jijiyar ko ƙwaƙwalwar ce ba ta isar da saƙon daidai, sai ya zama yau ya waiwaya ga ƙarar ƙofa, gobe a kira shi sau goma bai motsa ba, har a ce taurin kai ne. Irin wannan na ƙarshe ya fi yawa ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami tangarɗa, shi ya sa shaidar kaka cewa "ai yana ji, jiya ma ya razana da tsawa" ba ta isa hujja ba.

Sabuban abin suna da yawa. Akwai cututtukan da ke kama mace mai ciki su wuce ba ta ma kula ba, amma su taɓi kunne da ƙwaƙwalwar ɗan tayi gaba ɗaya, kamar ƙyandar Jamus da wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira CMV. Akwai na gado. Akwai kuma abin da ke aukuwa wajen haihuwa ko bayanta, kamar doguwar naƙuda wadda jariri ke fitowa bai yi kuka ba, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau. Dattawan Kano ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta kuma bar da yawa daga waɗanda suka tashi ba sa ji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ce yara wajen miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga sabuban da ake iya karewa yake. Ma'anar wannan ita ce allurar rigakafi, da zuwa awon ciki, da haihuwa a hannun ungozomar da ta sami horo. Ma'anarsa kuma, idan idon jariri ya yi rawaya a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi ana ba shi jiƙe-jiƙe, kada kuma a zuba kafur a cikin kayansa, domin yana tsananta shawara ga wasu jarirai. Allurar jentamaisin da danginta, waɗanda wasu ke saye a kemis su sa a yi wa yaro ba da umarnin likita ba, suna iya kashe ji har abada. Ƙwayar folik asid kuwa, mai arha ƙwarai, tana rage haihuwar yara masu buɗaɗɗen gadon baya, wanda sau da yawa yakan zo tare da taruwar ruwa a kai. Sai dai amfaninta a makonni huɗu na farkon ciki yake, lokacin da mace ba ta ma san ta ɗauka ba, don haka tun kafin ciki ake fara sha.

Auren zumunci halal ne, ba mai ikon haramta shi, Manzon Allah da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyidina Aliyu. Amma zuriyar da ta ga kurumta tana maimaituwa a cikinta, babu laifi ta nemi shawarar likita kafin ta sake haɗa 'ya'yan wa da ƙani, kamar yadda gwajin jini kafin aure ya zama doka a Jihar Kano a shekarar 2024 saboda amosanin jini da wasu cututtuka.

Sai babbar musiba, wadda ta fi ciwon kansa muni. Har yanzu akwai gidajen da idan aka haifi yaro mai babban kai, jiki saɓa-saɓa, ba ya zama, ba ya amsa kira, sai tsofaffi su fara raɗe-raɗi cewa ɗan ruwa ne, watau wai aljannu sun ɗauke ɗan gaskiya sun ajiye nasu. Daga nan sai a nufi gidan boka ko ɗan bori, a yi ta turare da yanka, wani lokaci har a ba da shawarar a kai shi bakin kogi a ajiye, wai zai rikiɗa ya koma wurin danginsa. Wannan magana ba ta da tushe a Littafi ko Sunna, ko a zancen wani malami abin koyi. Yaron nan ɗan Adam ne cikakke, ɗan ubansa ne na halal, yana gado ana gadonsa, idan ya rasu a yi masa wanka a sallace shi. Wanda ya jefar da shi ya mutu, ko ya hana shi abinci da gangan don ya huta da shi, ya kashe rai, kuma tambayar da Suratut Takwiri ta ce za a yi game da jaririyar da aka binne da rai tana jiransa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da irin waɗannan al'adu da aka cakuɗa da addini. Abin kunya ne a ce fiye da shekara 200 bayansa, a unguwar da ke jingine da katangar asibitin koyarwa, ana sauraron boka a kan ciwon da hoton kai ke nunawa ƙuru-ƙuru. Ruƙiyya da ayoyin Allah da addu'o'in da suka inganta halal ce, alheri ce kuma, a yi ta safe da yamma. Abin da ba ya halatta shi ne a doki yaro ko a shaƙa masa hayaƙi da sunan fitar da aljani, ko a dakatar da maganin jijjiga saboda wani ya ce asibiti ba ta da maganin wannan.

Uwa ce ke shan kashi na biyu. A ce ta fita da almuru, ko ta yi wanka a inda bai kamata ba, ko wani zunubi ne nata ya faɗa kan ɗan. Wani mijin ma sai ya ce a danginsu ba a haihuwar irin wannan, ya miƙa mata takarda, ta koma gidan iyayenta da goyo da katin asibiti. Alƙur'ani ya kafa ƙa'ida a wurare da dama, ciki har da Suratul An'ami aya ta 164, cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. A Suratul Baƙara aya ta 233 kuma an hana a cutar da uwa ta dalilin ɗanta, an ɗora ci da tufafi a wuyan uba. Malaman Malikiyya sun yi bayani, kamar yadda yake a Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani wadda ake karantawa a zaurukan Kano, cewa ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, idan kuwa ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, to, ciyarwar ba ta faɗi ba. Ashe ke nan uban da ya gudu, bashi ya gudu ya bari, za a kuma bi shi.

Neman magani kuwa umarni ne. A Hadisin Usamatu ɗan Shariku, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah ya hori bayin Allah da su nemi magani. Sayyidina Umaru, sa'ad da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Magabata ba su tsaya ga faɗa da baki ba. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe babi a littafinsa Attasrif a kan ruwan da ke taruwa a kawunan jarirai da yadda ake fitar da shi. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai a kan magani duk da nauyin jama'a da ke kansa. A yau likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa sukan sa wani siririn bututu a ƙarƙashin fata, ya janye ruwan daga kai zuwa ciki. Iyayen yaron da aka yi wa wannan aiki su riƙe alamomin toshewarsa kamar yadda suka riƙe Fatiha: amai, da yawan barci, da kumburin maɗiga, da zazzaɓi. Idan aka ga haka ba a jiran gari ya waye.

Game da kunne, abin da ake roƙon iyaye ɗan kaɗan ne: su buɗe baki su ce wa likita, "A gwada mana jinsa." Gwajin iri biyu ne, babu mai zafi a cikinsu. Na farko, akan sa wani ɗan abu a ramin kunne ya saki sauti, ya saurari amsawar katantanwa, cikin 'yan mintoci an gama. Na biyu, akan manna wayoyi a goshi da bayan kunne yaro yana barci, na'ura ta nuna ko saƙon yana bin jijiya yana isa gindin ƙwaƙwalwa. Yaro mai tangarɗar ƙwaƙwalwa yana iya cin gwajin farko ya faɗi na biyu, saboda haka na farko kaɗai bai wadatar masa ba. Wani lokaci kuma akan maimaita bayan watanni, musamman idan an janye ruwan kai, domin sakamakon yana iya sauyawa. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa a Amurka, ƙasashe da yawa kuma suka ɗauka, ita ce a tantance jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana da lokacin da take buɗe don karɓar harshe, shekarun farko ne, daga nan sai ta yi ta rufewa a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya riga ya makara kada ya ce shi ke nan, ya je a yau. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

Idan gwaji ya nuna akwai sauran ji, akan ba yaro na'urar ƙara sauti wadda ake maƙalawa a bayan kunne. Ba a sayenta a kasuwa kamar tabarau, sai an auna an daidaita ta da kunnen mai ita, in ba haka ba ta ƙara ɓarna. Robar da ke shiga kunne takan yi wa yaro kaɗan bayan 'yan watanni saboda yana girma, sai an sake wata. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, idan aka goya shi kunnensa ya jingina da bayan uwa, na'urar takan yi fito. A gyara masa kwanciyar kai, kada a cire a jefa a kwalla. A kuma ɓoye ƙananan baturanta, domin haɗiye su yana ƙona maƙogwaro, yana kisa. Akwai wata na'urar da ake dasawa a cikin katantanwa ta hanyar tiyata, ga wanda jinsa ya tafi ƙwarai. Tana da tsadar da ta fi ƙarfin mafi yawan gidaje, tana bukatar jijiyar ji ta kasance da rai, tana kuma bukatar horo na shekaru bayan aikin. Gaskiyar da ya wajaba likita ya faɗa, iyaye kuma su karɓa, ita ce yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sami babbar tangarɗa mai yiwuwa ne ko da na'ura ba zai yi magana kamar tsaransa ba. Amma ya san muryar uwarsa, ya waiwaya idan an kira sunansa, ya natsu idan ana karatun Alƙur'ani kusa da shi, wannan ba ƙaramar riba ba ce, kuma ba a raina ta sai wanda bai taɓa renon irin wannan yaro ba.

Ko an sami na'ura ko ba a samu ba, kada a bar yaro ba harshe. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, shi ne maganar hannu, har suna da Sarkin Bebaye a Kano kamar yadda makafi ke da nasu sarki. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci wannan harshe, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000, ta nuna cewa harshe ne mai ƙa'idojinsa. Makarantar Tudun Maliki, wadda aka buɗe a 1977, ta yaye kurame da makafi masu yawa. Wasu iyaye suna tsoron wai idan aka koya wa yaro maganar hannu zai ƙi maganar baki. Masana ba su ga haka ba. Abin da ke cutar yaro shi ne ya tashi ba wannan ba wancan. Wanda hannuwansa ba su da ƙarfin yin ishara, akan fara masa da taɓawa da nuna abu: a taɓa leɓensa kafin a ba shi abinci, a nuna masa kofi kafin ruwa, kullum iri ɗaya, har ya gane cewa wannan alama tana nufin wancan abu. A riƙa fuskantarsa cikin haske idan ana yi masa magana, a kashe rediyo. Yayye da ƙanne su koya tare da uwa, kada aikin ya zama nata ita kaɗai. Uba ma ya koya. Girmansa ba zai zube ba don ya yi magana da ɗansa da hannu.

Shari'a ta riga kowa girmama ishara. Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kwana uku ba ya magana da mutane sai da ishara, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana aya ta 41, da ita kuma ya umarci jama'arsa da tasbihi. Nana Maryamu ta amsa tuhumar mutanenta da nuni zuwa ga jaririnta. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa isharar bebe, matuƙar ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin furuci wajen aure da saki da ciniki, Imamu Buhari ma ya ƙulla babi a kan haka. Wanda ba ya iya furta kabbarar harama, a mazhabar Malik, yakan shiga salla da niyya, sallarsa kuma ta inganta. Tarihin malamai yana da abin ƙarfafa zuciya. Ƙaluna, watau Isa ɗan Mina, wanda ya rasu a shekara ta 220 bayan Hijira, abokin Warshu ne wajen ɗaukar karatu daga Imamu Nafi'u na Madina, wanda ruwayarsa ta hanyar Warshu ce allunan ƙasar Hausa suka ginu a kai. An ruwaito cewa Ƙaluna ya kurumce ƙwarai, amma yakan dubi leɓunan mai karatu ya gyara masa kuskure. Abul Abbas Al'asammu na Naisabur, wanda ya rasu a 346, ya yi shekaru masu yawa yana karantar da Hadisi bayan jinsa ya tafi. Sai dai a lura, waɗannan bayin Allah sun sami harshe da ilmi kafin kurumta ta same su. Darasin da ke ciki ga iyayen jariri shi ne su gaggauta ba shi harshe ta kowace ƙofa da ta rage a buɗe.

To, yaya matsayin irin wannan yaro a gaban Ubangijinsa? Wanda tangarɗar ƙwaƙwalwa ta hana shi hankalin rarrabewa, an ɗauke masa alƙalami, babu hisabi a kansa. Wanda kuwa hankalinsa lafiya lau, kunne ne kawai babu, to, mukallafi ne gwargwadon abin da ya isa gare shi. Imamu Ahmad ya ruwaito Hadisin Al'aswadu ɗan Sari'u, inda aka ambaci kurma cikin mutum huɗu da za su kawo hanzari ranar Alƙiyama, cewa Musulunci ya zo shi kuwa ba ya jin komi. Kurman da ya tashi a tsakiyar Kano, masallaci a gabansa, Islamiyya a bayansa, ya girma bai san farillan alwala ba, shi yana da hanzari. Jama'ar da ta kewaye shi fa, mene ne nata? Isar da addini ga kurame da harshen da suke fahimta farilla ce ta kifaya, idan ba wanda ya yi, kowa ya shiga laifi. An saukar da farkon Suratu Abasa ne a kan makaho guda ɗaya, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman sani aka shagala da manyan Ƙuraishawa, daga baya kuma shi ne ya zama ladani, har Manzon Allah yakan wakilta shi a kan Madina idan zai yi tafiya.

Masu hali na Tarauni da kewaye su sani cewa sayen na'urar ji ga ɗan talaka, ko biyan kuɗin hoton kai, ko kuɗin motar zuwa gashi kowane mako, sadaka ce mai gudana, kuma iyalin da ciwo ya talauta suna cikin masu cin zakka. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa naƙasassu albashi daga baitulmali, ya ba makaho ɗan jagora, ya ba gurgu mai hidima, ya hana su bara. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019, ba ta zo da abin da Musulmi ba su sani ba. Ita kuwa uwar da talauci ya kai ta ga shimfiɗa yaro mai babban kai a bakin titi cikin rana tana bara da shi, kafin a zarge ta sai a tambayi maƙwabtanta da dangin mijinta inda suke. Yaran unguwa kuma a hana su jifa da tsokana da laƙabin banza, Suratul Hujurati aya ta 11 ba ta ware kurma daga waɗanda aka hana a yi wa izgili ba.

Saura limamai da shugabannin Islamiyyu. Kowace Juma'a akwai kurame a cikin sahu a masallatan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, suna kallon bakin liman yana motsi, a sallame su tashi ba su ƙaru da komi ba sai ladan halarta. A Masallacin Harami na Makka an tanadi mai fassara huɗuba da hannu domin irinsu. Limamin da yake ganin fassara a lokacin huɗuba za ta ci karo da wajabcin yin shiru, yana iya sa a taƙaita musu ita a gefen masallaci bayan an idar da salla. Abin da ake bukata saurayi ne guda ɗaya wanda ya iya maganar hannu, da tabarma, da rubu'in sa'a. Daga Darmanawa zuwa Tudun Maliki, inda za a sami wanda zai koyar da shi, ba wata tafiya ce mai nisa ba.